Yadda ake jawo tsuntsayen daji zuwa bayan gida a Legas

A Arewa abin bai da wuya: ka watsa gero a tsakar gida, kafin ka juya kurciya ta sauka. A Legas kuwa, wanda ya yi haka ɓeraye zai tara kafin tsuntsu ya gani, ragowar hatsin kuma laima ta lalata shi. Duk dabarar a nan ita ce abinci kaɗan, a sama, a bushe.

Da farko zaɓi wuri. Idan gidan haya kake a Agege ko Idi-Araba, inda tsakar gida na kowa ne, fara yi wa maƙwabta magana, domin kashin tsuntsu a kan shanyar wani yana iya jawo rigimar da ba ka shirya mata ba. Nemi kusurwar da mutane ba sa yawan wucewa, kusa da bishiya ko shuka, saboda ƙaramin tsuntsu ba ya sakin jiki a fili inda shirwa ke shawagi. Amma kada wurin ya manne da katanga ko reshen da mage za ta iya dirowa daga kai. Ka kuma nisanta shi da janareto. Ƙara da hayaƙi suna korar su.

Sai mazubi. Ba sai ka sayi na kanti ba. Farantin roba ko ƙwarya sun isa. Ka huda ƙasan da ƙusa mai zafi wuri biyar ko shida don ruwa ya zurare, ka ɗaure da waya ka rataye sama da tsayin mutum. Waya ta fi igiya, domin ɓera yana bin igiya cikin sauƙi. Ka kifa wani faranti mafi faɗi a samansa ya zama rumfa, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu. Wannan rumfar ita ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali a garin da ruwan sama ke zuba daga Afrilu har Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta ya dawo a Satumba, mazubi marar rufi kwanon jiƙa hatsi ne kawai.

Abinci: gero ne kan gaba. Ƙwayarsa ƙarama ce, gwara da marai da ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa gungu-gungu duk suna iya ɗauka. Kurciya kan ci dawa da tsakin masara. Duk ana samunsu wurin 'yan uwa masu hatsi a Mile 12 ko kasuwar Agege, kuma mudu ɗaya zai daɗe maka. Ka tambayi mai hatsin ko an zuba masa maganin ƙwari, don maganin yana iya kashe tsuntsu. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da tsaba, sai 'ya'yan itace. Su ka yanka musu nunanniyar gwanda ko ayaba, ka kwashe ragowar kafin magariba. Ragowar tuwo da shinkafa mai mai da gishiri a bar wa kwandon shara. Hankaka da ƙuda kaɗai suke kira.

Zuba cikin tafi ɗaya bayan sallar asuba, lokacin da suke fita kiwo. Idan ya ƙare kafin hantsi, ƙara kaɗan washegari. Idan ya kwana, ka rage. Hatsin da ya jiƙa ya yi fumfuna cuta ne gare su, a zubar. Da yamma a share abin da ya zube ƙasa. Wannan sharar ba ta tsafta kaɗai ba ce: ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, ba wanda ke son gayyato shi ƙofar ɗaki. Buhun geron ma a juye shi cikin bokiti mai murfi.

Ruwa a kasko marar zurfi, da ɗan dutse a tsakiya inda za su tsaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan ma ya fi hatsi jawo su. A sauya shi kullum, domin sauro na ƙyanƙyashewa a kwantaccen ruwa cikin kusan mako guda. Mazubin kuma a wanke shi da sabulu duk mako, a shanya ya bushe sarai.

Mai kiwon kaji ko tantabaru ya raba wurin cinsu da na baƙin, saboda murar tsuntsaye. In ka ga mataccen tsuntsu kusa da mazubi, kada yara su taɓa. Sauke mazubin, ka wanke, ka dakata kwanaki.

Makon farko wataƙila ba wanda zai zo, na biyu ma haka. Kada ka riƙa sauya wa mazubin wuri. Yawanci kurciya ce ke fara gwadawa, sauran su biyo baya idan sun ga ba abin da ya same ta. Ka hana yara harbi da danƙo a gidan gaba ɗaya, kuma ka riƙa kallo daga taga ko daga nesa har su saba. Mai son gane irin waɗanda ke zuwa masa yana iya kai iyali Lekki Conservation Centre, wurin kare namun daji da ke Lekki, da safe, ya tafi da hotunan da ya ɗauka a waya ya nuna wa ma'aikatan wurin.