Yadda mutanen Ayilan ke saƙa gicciyen Birijid

Ranar 1 ga Fabrairu ce ranar Waliyiya Birijid, waliyiyar Kiristoci ta garin Kildare, farkon bazara a tsohon lissafin Ayilan. Tun 2023 ma gwamnati ke ba da hutu dominta. A daren jajibere, 31 ga Janairu, ake saƙa gicciyen.

1. Samo ɗanyar ciyawar fadama mai santsi, kamar sili 16, tsawonsu ɗaya. Busasshiya karyewa take yi, kada ka wahalar da kanka.

2. Riƙe sili ɗaya a tsaye. Ninka na biyu gida biyu, ka rungumo tsakiyar na farko da shi, bakinsa na duban dama.

3. Nan ne aikin yake. Danne tsakiyar da babban yatsa, juya abin zuwa hagu har hannun da ka ƙara ya dubi sama, sannan ka ninka sabon sili a kansa, shi ma ya dubi dama. Ja shi ya matsu sosai. Haka za ka yi ta juyawa kana ƙarawa, har murabba'i ya fito a tsakiya.

4. Ɗaure bakin hannuwan huɗu, ka datse su daidai.

Sai a rataye shi bisa ƙofa. Mutanen da sun yarda yana tsare gida daga gobara har shekara ta zagayo.