Yadda ake auna faifan tsufa da na ƙuruciya a kiɗan rok

Gardamar ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Duk majalisar da ake sauraren makaɗan fada, ba a rasa mai cewa waƙoƙin farko sun fi zaƙi, da mai cewa sai da makaɗi ya manyanta sannan ya iya zance. Irin ta ake yi a kan mawaƙan rok na Ingila da Amurka da suka fara tun shekarun 1960 kuma suka ci gaba da fitar da faifai har tsufansu. Sai dai yawancin masu yanke hukunci ba aikin mawaƙin suke aunawa ba. Suna auna ƙarfin sauti, da ingancin kwafin da ke wayarsu, da daɗin zamanin da suka fara jin waƙar. Aikin mai kwatance shi ne ya kawar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ce wannan ya fi wancan.

Fara da faifai biyu kacal, kada ka ɗauki tarihin mawaƙi gaba ɗaya. Ɗaya daga lokacin ganiyarsa, ɗaya daga bayan ya haura shekara 55, kuma duka biyun su kasance aikin situdiyo na sababbin waƙoƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko kundin da aka tattara fitattun waƙoƙin shekara 20 a gwada shi da sabon faifai guda. Wancan zaɓaɓɓe ne, an riga an zubar da marasa kyau, dole ya yi rinjaye. Misalin haɗi mai ma'ana: a wajen Rolling Stones, Sticky Fingers na 1971 da Hackney Diamonds na 2023, a wajen Bob Dylan, Highway 61 Revisited na 1965 da Time Out of Mind na 1997, a wajen David Bowie, Ziggy Stardust na 1972 da Blackstar na 2016.

Daga nan sai batun kwafi. Abin da masu turi ke zubawa a memori a shagunan caji yawanci MP3 ne mai nauyin 128 kbps (ma'aunin yawan datar da waƙa ke ci a kowace daƙiƙa), wani lokaci ƙasa da haka, kuma an sha juya shi daga waya zuwa waya ko an ciro shi daga bidiyo. Irin wannan kwafi yana fara lalata sautin sama, sai ka ji farantan ƙarfe na mai ganga suna wani shuuu kamar ruwa na tsiyaya. In tsohon faifan ne a haka, sabon kuma ka saurare shi garau ta intanet, ka zalunci tsohon tun kafin a fara. Samo duka biyun a nauyi ɗaya, 256 ko 320. Lissafin data ba shi da wuya: a 320, kowane minti yana cin kusan megabait 2.4, wato faifan minti 45 zai kai megabait 108. Tsohon kaset da ya sha zafin watan Afrilu a aljihun mota kuwa a ajiye shi don tarihi. Zafi yana sa zaren ya miƙe, gudun ya riƙa canzawa, murya ta riƙa rawa, ka ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba.

Ka kuma duba ko tsohon faifan na asali ne ko wanda aka sake tace sautinsa daga baya. Kamfanoni sun sake tace yawancin faifan shekarun 1960 da 1970, wasu fiye da sau ɗaya, kuma galibi ana rubuta shekarar a gefen sunan. Ba laifi ba ne ka yi amfani da shi, amma ka san cewa hannun injiniyan wani zamani ya shiga ciki.

Daidaita ƙarfin sauti

Nan ne aka fi yaudarar kunne. In aka kunna waƙoƙi biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya ƙarfi ko da kaɗan ne, kunne yakan zaɓi mai ƙarfin a matsayin wadda ta fi cika da armashi. Tun daga shekarun 1990 masu haɗa faifai suka shiga gasar matse sauti: a ɗaga wurare masu sanyi, a danne masu ƙarfi, har waƙar ta zama ƙara ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Death Magnetic na Metallica, wanda ya fito a 2008, ya yi suna a wannan, har masoyansu suka yi ta ƙorafin cewa sautin yana tsagewa. In ka kunna shi bayan faifansu Master of Puppets na 1986 ba ka taɓa maɓallin ƙara ba, a minti biyun farko sabon zai zama kamar ya fi ƙarfi da zafi, bayan minti 20 kuma kunnenka ya gaji ba ka san dalili ba.

Maganin yana da sauƙi. A Spotify akwai wurin daidaita ƙara a cikin saitin, wanda ke jawo waƙoƙi zuwa ma'auni ɗaya, kusan -14 a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira LUFS. Ka tabbata a kunne yake. In fayilolin suna kwamfutarka, buɗe waƙa ɗaya daga kowane faifai a Audacity, manhaja ce ta kyauta. Kafin ma ka saurara, dubi zanen sautin. Tsohuwar waƙa za ka gan ta da tudu da kwari, matsattsiyar kuma ta cika layin taf daga sama har ƙasa. Sa duka biyun a ma'auni ɗaya, sannan ka saurara. Sau da yawa a nan ne za ka ji gangar tsohon faifan tana duka da gaske, ta sabon kuma ta lafe. In ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yi amfani da muryar mawaƙin: rage ko ƙara har muryoyin biyu su zo daidai a kunnenka.

Ƙaramar sifikar Bluetooth ba ta wannan aiki, domin da yawansu suna haɗe dama da hagu wuri guda, alhali a Sticky Fingers an raba jitar Keith Richards da ta Mick Taylor, kowa da gefen da ya fi fitowa, kuma rabin daɗin yana cikin yadda suke amsa wa juna. Iyafis mai waya ya wadatar. Fanka da janareta suna cinye sautin ƙasa da wurare masu sanyi, don haka lokacin da ya fi shi ne bayan isha'i in kabu-kabu sun ragu, ko da sanyin safiya. Kada zama ɗaya ya wuce faifai ɗaya.

Wa ya yi aikin?

Sunan da ke jikin kwali ɗaya ne, amma mutanen ciki sun canza. Wanda ya san kiɗan kotso ya san in aka sauya wa makaɗi 'yan amshi, ko muryarsa tana nan yadda take, waƙar ta zama wata. Rubuta sunayen faifan biyu gefe da gefe: mai ganga, mai jita, mai bes (jita mai sautin ƙasa), furodusa, da masu rubuta waƙa. A 1971 Rolling Stones suna da Charlie Watts a ganga, Bill Wyman a bes, Mick Taylor a jita, Jimmy Miller kuma furodusa. A 2023 Watts ya riga ya rasu tun 2021, dukansa yana cikin waƙoƙi biyu ne kawai da aka ɗauka kafin rasuwarsa, kusan duk sauran Steve Jordan ne ya buga. Ronnie Wood ne a gurbin Taylor, furodusa kuma Andrew Watt, wanda ba a ma haife shi ba lokacin da wancan faifan ya fito. To in ka ji sabon ya fi tsabta da sauri, ka san inda abin ya fito, ba tsufan mawaƙinsu Mick Jagger ba ne.

Wani lokaci sauyin ya fi haka zurfi. Roger Waters, wanda ya rubuta kalmomin The Dark Side of the Moon na 1973, ya bar Pink Floyd a 1985. Duk faifan da ya biyo baya, in ka ce kalmominsa sun canza, ba lalacewa kake aunawa ba, wani marubuci kake ji.

Tsawon faifai ma yana ruɗi. Kowane gefen faifan garmaho yana ɗaukar kusan minti 22 ne kafin sauti ya fara raguwa, shi ya sa dole mawaƙi ya zubar da waƙoƙin da ba su kai ba. CD ya zo da sama da minti 70, sai aka daina zubarwa. Sticky Fingers waƙa 10 ne cikin minti 46, A Bigger Bang na Rolling Stones ɗin dai na 2005 kuwa waƙa 16 cikin minti 64. In faifan baya ya fi tsawo, zaɓi waƙoƙinsa 10 mafi ƙarfi ka jera su, ka sake saurare. Wasu faifan da ake rainawa haka suke farfaɗowa, wasu kuma ko an rage ba sa tashi.

Murya kuwa dole ta canza, kada ka ɓata lokaci kana tabbatar da hakan. Da shekaru amon sama yana tafiya, numfashi yana gajarta. Abin dubawa shi ne yadda mawaƙin ya yi da abin da ya rage masa. Akwai mai nacewa a kan tsohon amo, a riƙa tallafa masa da na'urar gyaran murya da tarin masu amshi. Alamar ita ce muryar ta yi sumul, ba ka jin jan numfashi, kuma dogon amo yana tsayawa cak ba ya ko motsi. Akwai kuma mai sauko da waƙar inda muryarsa take. Robert Plant na Led Zeppelin ya bar ihun 1971, ya yi Raising Sand da Alison Krauss a 2007 da murya ƙasa-ƙasa, faifan ya ci kyautar Grammy ta gwarzon faifan shekara a 2009. Dylan yana da shekara 56 lokacin Time Out of Mind, muryar ta dushe, sai ya rubuta waƙoƙin rashi da tsufa waɗanda dusasshiyar murya ta fi dacewa da su. A ganinmu na biyun ne ya cancanci maki, ko da amonsa bai kai rabin na da ba.

Yanzu sai takarda da biro. Ja layi biyar: kalmomi, karin waƙa, murya, makaɗa, sauti. Ba kowane faifai maki daga 1 zuwa 5 a kowane layi, kuma kada ka haɗa jimilla, domin jimilla tana ɓoye inda bambancin yake. Saurari sabon faifan sau uku cikin mako guda kafin ka rubuta komai. Tsohon ka ji shi sau ɗari, kowane lungu nasa ka san shi, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Don karya wannan, tsallake fitattun waƙoƙin, ka gwada mafi raunin waƙa a nan da mafi rauni a can. Ko ka ba wani aboki da bai san mawaƙin ba waƙa uku daga kowanne, a cakuɗe, ba tare da ka gaya masa shekarunsu ba, ka ji wadda zai ce a maimaita.

Labarin da ke kewaye da faifai shi ma yana shiga kunne. Blackstar ya fito ranar 8 ga Janairu 2016, ranar da Bowie ya cika shekara 69, bayan kwana biyu ya rasu, kuma tun daga nan da wuya a ji shi ba tare da tunanin mutuwarsa ba. Ajiye wannan labarin a gefe na tsawon zama ɗaya, ka bi makaɗan kawai: 'yan jaz ne na New York ƙarƙashin mai busa Donny McCaslin, waƙa 7 cikin minti 41, kuma ba inda suka yi ƙoƙarin maimaita 1972. A layin makaɗa da na sauti, ba faifan makinsa a kan abin da ya sa gaba. In kana son gwajin ya yi daidai, sai ka ƙara layi na shida a ƙasan takardar, ka rubuta ko faifan yana kwaikwayon ƙuruciyar mai shi ne ko ya kama wata hanya, domin Hackney Diamonds da Blackstar ba za su faɗa gefe ɗaya a wannan layin ba.