Ceph ya nuna HEALTH_ERR, PG ta zama inconsistent: mi za ka duba kahin ka buga repair

Salamu alaikum ƴan uwa masu riƙe da saba. Satin da ya wuce wani ƙanena da ke aiki a wani biro nan Maradi ya kira ni bayan sallar isha'i, murya na rawa, wai kilastar Ceph ɗinsu, wato tsarin da ke haɗa diskokin saba da yawa su zama ma'ajiyar data guda, ta yi ja, ta rubuta "1 scrub errors" da "Possible data damage: 1 pg inconsistent", kuma wai ya gani a intanet ana cewa kawai a buga ceph pg repair shikenan magana ta ƙare. Na ce mishi dan Allah ɗauke hannunka daga kan kilabiye tukuna, bari in zo. Abin da munka yi daren nan shi nike son in rubuta, don na lura yaranmu da yawa sun ɗora Proxmox, mai tada mashinai da yawa cikin saba guda, da Ceph a kan saba uku, abu na tahiya lahiya lau, amma ranar da ya yi ja babu wanda ya san ta inda za a kama.

Da farko ka kwantar da hankalinka. In ka ga PG, wato rukunin data guda cikin Ceph, tana active+clean+inconsistent, inconsistent na nuhin kwafinta ba su yi daidai da juna ba, amma kalmar active ɗin nan na nuhin har yanzu tana aiki, mutane na karatu suna rubutu, ba wai komi ya tsaya ba. Kana da lokacin yin bincike. Gaggawa ce ke ɓata data a nan, ba jan rubutun ba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Duk abin da ka aje cikin Ceph sai ya yayyanka shi ƙunshi ƙunshi, su ne objek, misali diskin da Ceph ke ba mashin, wanda ake ce ma RBD, ana yanka shi mega 4 mega 4 in ba ka canza ba. Waɗannan ƙunshin ana tara su rukuni rukuni, kowane rukuni shi ne PG, kuma kowace PG ana aje ta a kan OSD uku in pool ɗinka, wato ɓangaren ajiyar da PG ɗin ke ciki, size 3 ne, ma'ana kwafi uku, kowane OSD kuma galibi diski guda ne. Kamar mutum ya raba hatsinshi rumbu uku ne a gida uku, in gara ta ci ɗaya akwai biyu. To Ceph shina zagayawa da kanshi shina duba rumbunan nan. Akwai ƙaramin dubawa, scrub, kusan kullum, wannan ƙirga buhuna ne kawai da duba girmansu da abin da anka rubuta a jikinsu. Sai babban, deep scrub, sau ɗaya a sati in ba a taɓa saitin ba, shi wannan kwance bakin buhu yake ya zuba hannu har ƙasa, ya karanta kowane bit ya lissafa checksum, wata lamba ce da ke canzawa in abin da ke ciki ya canza, ya gwada da na sauran. Yawanci a nan ne ake kama ɓarna, shi ya sa za ka ga jan ya hito da tsakar dare ba tare da kowa ya taɓa komi ba. Ɓarnar ta daɗe a kwance, ranar ce dai anka buɗe buhun.

Abu na farko ka buga

ceph health detail

zai ba ka layi mai kama da haka: pg 2.1f is active+clean+inconsistent, acting [4,9,1]. Rubuta wannan a takarda, da gaske nike, takarda da biro. 2.1f sunan PG ɗin ne, lamba 2 ta farko lambar pool ce, su kuma 4, 9, 1 su ne OSD ɗin da ke riƙe da kwafin, na farko a jerin wato 4 shi ne primary, shugaban tahiya. Naka lambobin za su bambanta, waɗannan misali ne.

Sannan sai tambayar da ta hi kowace muhimmanci, wane ƙunshi ne ya lalace kuma a kan wane diski:

rados list-inconsistent-obj 2.1f --format=json-pretty

In ya ce maka babu bayanin scrub na wannan PG kada ka damu, yakan faru in wani OSD ya sake tashi tun bayan dubawar, sai ka sa shi ya sake da ceph pg deep-scrub 2.1f, ka sha shayinka ka jira ya gama, ka sake bugawa. Abin da zai hito dogo ne amma wurin da za ka zuba ido shi ne shards, a nan kowane OSD yana da nashi errors. Biyu za ka gansu babu komi a errors ɗinsu, ɗaya kuma da rubutu. A namu daren nan osd 9 ne ya nuna read_error, wato an je karanta ƙunshin diski ya kasa bada shi. Wannan shi ne mai sauƙin ganewa, kusan kullum laihin diski ne ko abin da ke haɗe da shi. Akwai kuma data_digest_mismatch, an karanta amma abin da ke ciki bai yi daidai da na sauran ba, da size_mismatch girma ya bambanta, da omap_digest_mismatch bayanan da ke liƙe da ƙunshin sun bambanta, da missing wato ƙunshin ma babu shi sam a wurin.

Ka duba sunan ƙunshin kuma. In ya fara da rbd_data sai wasu haruffa, waɗannan haruffan su ne za su gaya maka diskin wace mashin ce abin ya taɓa, ka bi da rbd info a kan imej ɗinka ka gwada da block_name_prefix. Ni ina son sanin wannan tun da wuri, don in mashin ɗin kwantabilite ce ko ta albashi to kahin in taɓa komi sai na tabbatar akwai sabon bakap a waje, ba cikin kilastar ba.

Yanzu mu tahi wurin diskin, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. ceph osd find 9 zai gaya maka wace saba ce, ceph osd metadata 9 kuma zai nuna maka sunan diskin, sdc ne ko sdd. Shiga sabar ka buga dmesg -T ka nemi I/O error ko Medium Error, sannan

smartctl -a /dev/sdc

Lambobi huɗu nike dubawa. Lamba 5, Reallocated_Sector_Ct, wuraren da sunka mutu diski ya riga ya canza musu gurbi. 197, Current_Pending_Sector, wuraren da ya kasa karantawa shina jiran a sake rubutu a kai. 198, Offline_Uncorrectable. Sai 199, UDMA_CRC_Error_Count, shi wannan in shi kaɗai ke hawa to sau da yawa ba diskin ba ne, kabul ne ko mazaunin da ake soka diskin. Kuma mu nan kun san halin da muke ciki, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, zahin watan Afrilu da Mayu kuma in kilim ta tsaya awa biyu ɗakin saba sai ya koma tanda, ga ɗauke kuran, gurup ya tashi ya mutu, ondilar da batirinta ya gaji tun bara. Da munka buɗe sabar ƙanen nan nawa, ƙura ta yi kamar auduga a gaban fankokin, na sa yatsa na shara sai da ta bar layi, diskin kuma da ka ɗora hannu sai ka janye. Kada ka yarda da kalmar PASSED da smartctl ke rubutawa a sama, diski na iya cewa PASSED alhali 197 ɗinshi ba 0 ba ne, haka namu ya yi.

To sai yanzu maganar repair. In hoton da ka gani shi ne kwafi guda ya lalace, biyu lahiya, kuma OSD ɗinka BlueStore ne, wato sabon salon da OSD ke rubuta data a diski, buga abinka:

ceph pg repair 2.1f

ka buɗe wata taga da ceph -w kana kallo. Zai sake duba PG ɗin, ya ɗauki kwafin da ya lalace a matsayin babu shi, ya kwaso mai kyau ya rubuta a gurbin. Za ka ga ya rubuta cewa an gyara, fixed, jan ya tahi. In ka ga shiru bai fara ba kada ka yi ta maimaitawa, in OSD ɗin na cikin wani scrub, repair na iya jira sai ya gama.

Dalilin da ya sa na ce BlueStore: tun daga Luminous a 2017 shi ne ake ɗorawa kai tsaye, kuma shina aje checksum na duk abin da ya rubuta, don haka Ceph ya san wane kwafi ne na gaskiya. Tsohon FileStore ba shi da wannan, shi ya sa a da ake jin tsoro, in babu abin da zai raba gardama sai a hihita primary, in kuwa primary ɗin ne ruɓaɓɓen to ka shafa ruɓa a kan masu kyau da hannunka. In ka gaji tsohuwar kilasta daga wani, duba osd_objectstore cikin ceph osd metadata kahin komi.

Amma ka ji wannan da kyau, repair ƙunshi yake gyarawa, ba ya gyara diski. In an sake rubutu a wurin da ya mutu diski zai canza mishi gurbi, 197 ta sauka, 5 ta hau, Ceph ya koma HEALTH_OK, kowa ya tahi ya kwanta. Bayan sati biyu wata PG ta sake yin ja, ka duba acting ka ga 9 na ciki kuma. Ni dai a wurina in OSD guda ya hito sau biyu da read_error na gama da shi. Ceph ma da kanshi in gyaran karatu a OSD guda ya wuce 10 zai hito da OSD_TOO_MANY_REPAIRS, amma mi zai sa ka jira har nan. Ka yi ceph osd out 9, ka bari data ta kwashe zuwa sauran, ka tambayi ceph osd safe-to-destroy 9, sai ya yarda sannan ka cire. Ka duba ceph df tukuna ka tabbatar sauran na da wurin ɗauka. Kuma dan Allah ku riƙa aje diski ko guda ɗaya a durowa, don in sai ranar za a aika Kano ko Yamai a nemo, kuma sauran diskokin ba su da wurin ɗauka, kwanakin jiran nan da kwafi biyu kake kwana. Akwai saitin osd_scrub_auto_repair da ke sa ya gyara da kanshi in kurakuran ba su wuce 5 ba, a kashe yake zuwa, ni kuma a ƙaramar kilasta barinshi nike a kashe, don jan nan shi ne ke sa mutum ya tashi ya je ya dubi diski.

Saura mai wuyar. In ka ga kwafi biyu ko duka ukun da errors, ko pool ɗin size 2 ne kuma ba ka gane wane ne mai gaskiya ba, kada ka buga repair. A nan ake ɗauko ceph-objectstore-tool, wanda ke buɗe cikin OSD kai tsaye, kuma ba ya aiki sai OSD na tsaye. Fara da ceph osd set noout, don in OSD ya yi minti 10 a ƙasa Ceph zai hidda shi ya fara kwashe data, kai kuma ba haka kake so ba. Tambayi ceph osd ok-to-stop 9, sannan systemctl stop ceph-osd@9, in kuma da cephadm anka ɗora kilastar, ceph orch daemon stop osd.9 sai ka shiga da cephadm shell --name osd.9. Abu na farko kwashe PG ɗin gaba ɗaya ka aje gehe:

ceph-objectstore-tool --data-path /var/lib/ceph/osd/ceph-9 --pgid 2.1f --op export --file /wurin-ajiya/2.1f-osd9.export

a kan wani diski daban mai wuri, ba cikin Ceph ba. Sannan --op list zai jero maka ƙunshin da ke ciki, kowane da layinshi na JSON, ka kwahi layin naka ka sa shi tsakanin alamar zance ka bi shi da get-bytes da sunan fayil, ƙunshin zai hito a hannunka. Tada wannan OSD, jira PG ta dawo active, sannan ka je na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, kada ka taɓa tsaida biyu lokaci guda, da min_size 2, wato sai da kwafi biyu a raye PG ke aiki, za ta daina amsawa mashinan mutane su daskare. In ka tara ukun ka yi musu sha256sum ka gwada, biyun da sunka yi daidai galibi su ne masu gaskiya. Kayan aikin nan na da remove da set-bytes, suna aiki kuma ba su tambayarka ko ka tabbata, shi ya sa export ke zuwa farko. In ka gama kada ka manta ceph osd unset noout, na sha ganin kilasta ta yi watanni da shi a kunne.

Wani abu da ake rikitawa da wannan shi ne unfound, wato Ceph ya san akwai sabon kwafi amma duk OSD ɗin da ke raye babu mai shi. ceph pg 2.1f list_unfound zai nuna su, ceph pg 2.1f query kuma a ƙarƙashin might_have_unfound zai gaya maka OSD ɗin da yake zato. Ka yi duk iya yinka ka tada wancan OSD ko na minti kaɗan ne. mark_unfound_lost, ko revert ko delete, yarda ce da asara, kuma ba kai kaɗai za ka yanke ta da dare ba, sai mai datar ya sani.

Mu dai namu ya zo da sauƙi, read_error ne a kwafi guda. Munka yi repair wajen ƙarfe sha ɗaya, munka hidda osd 9 a daren, da safe bayan data ta gama kwashewa yaron ya kashe sabar ya hure ƙurar, ya soka sabon diski, na ce mishi ya buɗe smartctl na sauran diskokin da anka sayo tare da wancan ya rubuta lambobinsu a takardar nan, mu sake dubawa ranar Juma'a.