Yadda Za a Kare Zuciyar Dattijuwa Daga Illar Damuwa

Ana cewa mutum yana da gazawar zuciya idan tsokar zuciyarsa ta kasa harba jini gwargwadon buƙatar jiki, ko dai saboda ta yi rauni, ko kuma saboda ta sandare har ba ta iya saki ta cika da jini yadda ya kamata. Wannan nau'i na biyu ya fi yawa ga mata masu shekaru, musamman waɗanda suka daɗe da hawan jini, ciwon suga ko ƙiba. Bayan ɗaukewar al'ada, wadda kan zo a wajen shekara 50, sinadarin istrojin yana raguwa, jijiyoyin jini suna rasa laushinsu, sannan a daidai wannan lokaci ne nauyin rayuwa kan ƙaru: jinyar miji, rashin makusanta, kaɗaici da tunanin 'ya'ya.

Idan hankali ya tashi, jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol, waɗanda ke hanzarta bugun zuciya, su matse jijiyoyi, jini ya hau. Na ɗan lokaci wannan ba ya cutarwa, amma idan aka shafe watanni a haka, zuciya tana aiki ne kamar mai tura kaya a kan tudu ba hutu. Damuwa kuma tana ɓarna ta bayan fage, domin ita ce ke hana barci, ta sa a manta da shan magani, ta kashe sha'awar motsa jiki.

Abu na farko shi ne a koyi bambance alamu, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Faɗuwar gaba, kasala da ƙuncin ƙirji suna iya zuwa daga damuwa, suna kuma iya zuwa daga zuciya, shi ya sa sau da yawa ake sallamar dattijuwa da cewa tunani ne ko tsufa ne kawai. Akwai alamun da bai kamata a jingina su ga damuwa ba sai likita ya duba: haki a kan aikin da a da ake yi ba wahala, kumburin ƙafafu da idon sawu, kasa kwanciya sai an tara matasan kai, da farkawa cikin dare numfashi na sarƙewa. Wadda aka riga aka tabbatar mata da cutar ta riƙa hawa sikeli kowace safiya kafin karin kumallo, domin ƙarin sama da kilo 2 cikin kwana 3 yakan nuna ruwa ne ke taruwa a jiki. A asibiti, gwajin bugun zuciya, hoton zuciya da gwajin jini na BNP, wato sinadarin da zuciya ke saki idan ta takura, su ne kan warware shakka.

Sai awon hawan jini a gida. A zauna shiru na minti 5, a jingina baya, hannu yana daidai ƙirji, a auna safe da yamma, a rubuta. Yana da amfani a ƙara layi ɗaya a gefen kowane awo game da yadda aka yi barci da abin da ya tayar da hankali a ranar, saboda bayan mako biyu takardar kan nuna alaƙar da baki ba zai iya bayyana wa likita ba. Idan awon yana yawan kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, a kai masa takardar.

Rage damuwar kanta yana farawa ne da rage kayan da ke jawo ta. Matar da ke jinyar mara lafiya ita kaɗai dare da rana ba za ta samu sauƙi da shawarar ta kwantar da hankalinta ba, sai dai idan iyali sun raba aikin, an ware mata sa'o'i sanannu a kowane mako da wani zai karɓe ta. Haka kuma a tsara ziyara ko kiran waya a ranaku tsayayyu, kada a bar shi sai an tuna. Tafiya a ƙafa tana taimakon zuciya da hankali a lokaci guda; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, ana kuma iya farawa da minti 10 a rana a riƙa ƙarawa. Jan numfashi a hankali, kamar sau 6 a minti, na tsawon minti 5 zuwa 10, yana sassauta bugun zuciya. A kiyaye lokacin kwanciya guda, a nemi barcin awa 7 zuwa 8, idan kuma ana minshari mai ƙarfi da yankewar numfashi, a faɗa wa likita.

Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali guda. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibuprofen da diclofenac suna riƙe ruwa a jiki, suna tsananta gazawar zuciya, don haka kada a sha su ba tare da izinin likita ba. Idan baƙin ciki, yawan kuka ko rashin sha'awar komai ya wuce mako 2, a ɗauke shi a matsayin cuta mai magani, a nemi likita ko masanin halayyar ɗan'adam.

Akwai kuma yanayin gaggawa da ake kira takotsubo, wanda likitocin Japan suka bayyana a 1990, suka sa masa sunan wata tukunya da masunta ke kama dabbar teku mai hannaye takwas da ita, saboda siffar da zuciya ke komawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu kamuwa da shi mata ne, yawancinsu bayan ɗaukewar al'ada, kuma yakan biyo bayan mummunan labari, firgita ko rashin lafiya mai tsanani. Yana zuwa da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi tamkar na toshewar jijiyar zuciya, duk da cewa galibi jijiyoyin ba su toshe ba. Yawancin masu shi suna warkewa cikin makonni, amma kwanakin farko suna da haɗari, kuma a gida ba a iya bambance shi da toshewar jijiya. Saboda haka dattijuwar da ta dafe ƙirji ko ta soma haki bayan an sanar da ita rasuwa, a garzaya da ita asibiti nan take, kada a jira sai ta huce.