Shawara ga masu taka gabar teku a Ingila

Jama'a duk mai shirin bin South West Coast Path, wato hanyar ƙafa da ke bin gabar teku a kudu maso yammacin Ingila, daga Minehead zuwa Poole mil 630 ce fa, kar ka raina ruwan saman Konwal, yankin da hanyar ke ratsawa, iska ke koro shi ta gefe, lema ba ta aiki wallahi sai rigar ruwa. Safa da waya ka ƙulle a leda, kuma ka duba lokacin cikar teku kafin ka gangara yashi.

In gidan mutane za ka kwana, tun a waya ka gaya musu ba ka cin alade don karin kumallonsu da shi ake yi, jiƙaƙƙen takalmi ka cire a ƙofa ka roƙi tsohuwar jarida ka cusa ciki, kafin safiya ta tsotse ruwan.