Yadda za ki rubuta budurwa mai buri a Kano ta shekarun 1950

'Yan uwana marubuta, kwanaki na karanta wani labari da aka ce a Kano ya faru wajen 1955, yarinya 'yar talakawa mai son ta zama wata, alƙalamin yayi daɗi wallahi amma tun a shafi na biyu saurayi ya miƙa mata naira hamsin kuɗin mota, nan take raina ya fita daga labarin. Naira sai 1973 ta zo. Kakata a wancan zamanin tayi ƙuruciyarta, shi yasa nake jin ciwo in aka rubuta su kamar mu ne kawai muka ɗaura tsohon zani, toh ga yadda ni nake bi.

Ki fara da unguwa tun kafin ki raɗa mata suna. Yarinyar da ta tashi cikin ganuwa kusa da kasuwar Kurmi daban, ta Fagge da ke ganin baƙi da Buzaye da fatake kullum daban, ta Sabon Gari da ke jin garmaho daga gidan maƙwabta tana ganin mata 'yan kudu na fita aiki ita ma daban. Nasarawa kuwa ta Turawa ce da manyan ma'aikata. Abin da idonta ke gani shi zai haifar mata da buri, wadda bata taɓa ganin malamar asibiti da farin kaya ba ba za ta kwana tana mafarkin zama ita ba.

Sai shekaru, kuma nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. A lokacin yarinya 'yar sha uku sha huɗu an kai ta ɗaki, dan haka in kika kawo budurwa 'yar ashirin da biyu zaune a gidan ubanta cikin birni tana zaɓen miji sai kin gaya mana dalili. Ni shawarata ki mayar da ita bazawara. Auren fari iyaye ne suka zaɓa, amma in ya mutu ta gama idda, a na biyu tana da ta cewa, ta san ciwon kanta ta san abinda take nema. Kuma babban kamu a lokacin shi ne akawun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ko malamin makaranta mai albashi duk wata da keke Raleigh da agogo a hannu, ko attajirin da ke saya wa kamfani gyada lokacin da ake tara buhuna ana yin dala, ko kuma gidan sarauta in rabo ya kai.

Amma ƙofar da tafi kowace faɗi, wadda kuma ba a cika rubutawa ba, ita ce sana'ar cikin gida. Matar kulle bata fita amma kuɗinta na fita yana dawowa, kuma nata ne, miji bashi da iko da shi. Ki nuna mana ita da asuba tana matsar tunkuza hannunta duk mai, ta soya ƙuli ta cika kwalabe, ta ɗora wa 'yar talla faranti a kai tana ja mata kunne kar ta ba kowa bashi. Da la'asar yarinya ta dawo ta zazzage kuɗi a tabarma, ita kuma tana ware kwabo da taro da sisi, ta ƙulle na adashi a bakin zani. Ki riƙe lissafin da kyau, taro kwabo 3 ne, sisi kwabo 6, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ranar da ta kwashi adashi me za ta saya? Nan burinta zai fito fili. Wata tasoshi da kwalla za ta ƙara a jere dan ranar biki mata su shigo su ƙirga da ido, wata gadon ƙarfe mai rumfa, mai hangen nesa kuma keken ɗinki Singer. Ƙarshen tsanin shi ne a kira ta Hajiya, dan a shekarun nan ne aka fara yawan zuwa Makka ta jirgin sama daga Kano maimakon tafiyar ƙasa ta Sudan mai cin watanni ko shekaru.

In boko kike so ki bata, ki bata, amma ki san ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Makarantar Queen Elizabeth ta Ilorin, sakandaren gwamnati ta 'yan mata a Jihar Arewa, sai 1956 aka buɗe, kinga 'yar Kano sai ta hau jirgin ƙasa ta yi doguwar tafiya, kuma aikin da ke jiranta yawanci koyarwa ne ko asibiti. Kar ki manta da bakin mutane, gwaggonta da za ta ce an kai yarinya a lalata, da kishiyar uwarta da za ta riƙa tambayar waye zai aure ta.

Siyasa ma haka. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kuma Hajiya Gambo Sawaba, haifaffiyar 1933 wadda ita ma tana 'yar sha uku aka mata aure, ta jagoranci matan jam'iyyar, ta sha duka ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Duk da haka matan Arewa basu sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. Dan haka kar ki kai jarumarki rumfar zaɓe a 1959, za ta iya yin guɗa a taro, ta dafa abinci, ta ɓoye wanda 'yan doka ke nema, amma akwati ba nata bane, kuma duk macen da aka gani a taron siyasa kin san sunan da ake liƙa mata.

Abu ɗaya nake roƙo, kar ki hukunta ta dan kawai ta so ci gaba, a ce ta haukace ko ta ƙare a wulaƙance. Ki nuna abinda ta biya ya isa, ƙawar da ta daina gaisawa da ita, ɗan da ta bari a gidan tsohon miji, uwar da take jin nauyin a ganta da ita gaban matan manya.

Sauran kayan aikin na wajen tsofaffi. Ki je da goro ko turare ki zauna, kuma kar ki ce Hajiya bani tarihi, za ta ce ta manta. Ki ce Hajiya wannan kwallar wa ya saya miki, nawa aka saye ta. Ni da na yi wa tawa wannan tambayar sai da ta sa aka sauko da ita daga saman sif, ta juya ta ta nuna min inda fentin ya ɓare ranar da ta ɗauke ta a kai ta bar gidan mijinta na fari, muna nan zaune har aka kira magariba bata gama ba.