Yadda za ka auna sabon aiki idan akwai yiwuwar a tura ka wani gari

Ba kasafai ake faɗa wa mai neman aiki kai tsaye cewa zai ƙaura ba. Ana cikin ganawa sai a ce mai yiwuwa a buƙace shi a wani reshe nan gaba, shi kuwa ɗokin samun aikin ya hana shi tambaya. A ganina wannan maganar ta fi albashin cancantar a tsaya a kanta.

Fara da neman a rubuta maka. Ka karanta takardar yarjejeniyar aiki, musamman inda aka ambaci wurin da za ka yi aikin. Wasu takardun suna ɗauke da sharaɗin da ya ba ma'aikata damar sauya maka wuri duk lokacin da ta ga dama, kuma da zarar ka sa hannu, ƙin tafiya zai iya zama saɓa yarjejeniya. Ka tambaya: wane gari ne, yaushe, sanarwar wata nawa za a ba ka, zaman wucin gadi ne ko na dindindin, me zai biyo baya in ka ce ba za ka iya ba. Alƙawarin baki na wanda ya ɗauke ka ba abin dogaro ba ne, domin gobe shi ma ana iya ɗauke shi daga kujerar.

Sai lissafi. Ka bar adadin da aka rubuta a takarda, ka dubi abin da zai rage a hannunka bayan haraji, haya, zirga-zirga, makarantar yara da asibiti. A ce albashinka 100 ne, haya tana cin 30, saura 70. Sabon aiki ya ba ka 120, amma hayar can ta ninka ta koma 60. Saura 60 ke nan. An yi maka ƙarin kashi 20 cikin 100, amma aljihunka baya ya ci. Ka sa har da kuɗin zuwa ganin dangi, wanda mutane kan manta da shi alhali duk shekara sai an kashe shi.

Daga nan ka bincika wa zai ɗauki nauyin ƙaurar kanta: jigilar kaya, masauki na makonnin farko, kuɗin kama gida. Za a ba ka kafin ka tashi, ko sai ka kashe naka a maida maka daga baya? Ka kuma lura, ma'aikatu da dama suna sa sharaɗin cewa in ka ajiye aikin cikin shekara 1 ko 2, sai ka biya abin da suka kashe maka. Ka haɗa wannan da lokacin gwaji, wanda yawanci wata 3 zuwa 6 ne, kuma a cikinsa sallamar ma'aikaci ta fi sauƙi. Shi ya sa nake ba da shawara, in da hali, ka fara tafiya kai kaɗai, ka bar iyali sai an tabbatar da kai. Ka tafi kuma da ajiyar da za ta riƙe gida na 'yan watanni ko da albashi ya tsaya.

Maganar iyali ba ta shiga lissafin alƙalami, amma ita ce ta fi rushe irin wannan tafiya. Ka zauna da mai ɗakinka ko maigidanki tun kafin a yanke shawara, ba bayan an gama a zo da labari ba. In tana da aiki ko sana'a, barinsa asara ce da dole a ƙirga, kuma abokan ciniki ba sa bin mutum zuwa sabon gari. Yara masu shirin jarrabawar ƙarshe, cire su a tsakiyar zango yana taɓa su sosai; ka nemi a daidaita tafiyar da ƙarshen shekarar karatu, ma'aikatu da yawa kan yarda in an nema da wuri. In akwai iyayen da suka manyanta, a san wa zai tsaya a kansu, kuma awa nawa za ka yi a hanya in an kira ka cikin dare.

In ƙetare ne, akwai ƙarin abu biyu. Izinin zama yakan rataya ne a wuyan wanda ya ɗauke ka aiki. A Amurka, alal misali, mai bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru, da ya rasa aikinsa ba ya samun fiye da kwana 60 ya nemi wani ko ya sauya nau'in izinin zamansa. Sannan lasisin likita, ma'aikacin jinya ko lauya ba lallai ya yi aiki a wata ƙasa ba sai an sake tantancewa.

Ka je ka ga wurin da idonka, a ranar aiki, ka bi hanyar da za ka riƙa bi da safe. Ka nemi wani da aka taɓa turawa can ka ji ko an cika masa abin da aka yi masa alƙawari.

Takardar ajiye tsohon aikinka ita ce ta ƙarshe. Kada ka miƙa ta sai sabuwar yarjejeniya ta zo hannunka da sa hannu, da ranar fara aiki, da duk abin da kuka daddale kan ƙaura a rubuce. Ka duba wa'adin sanarwar da tsohuwar ma'aikatarka ta gindaya, ka tsara ranar farawa ta faɗo bayansa.